A Binciki Yaron Shago, Amma Wa Zai Binciki Maigida?

Duk wanda ya san ƙasar da ta taso daga Ungogo da Dawakin Tofa ta nausa arewa zuwa Minjibir, Bichi, Ɗambatta da Makoɗa ya san cewa gona ta yi wa jama'a kaɗan. Gida na jikin gida, gona na jikin gona, babu saura balle daji. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suka raba ta, kowa da 'yan kunyoyinsa waɗanda ba za su ciyar da shi daga kaka zuwa kaka ba. Wannan ne ya sa saurayin wannan yanki ba shi da jarin da ya wuce ƙarfinsa. Da damina yana ƙwadago, da rani yana ban-ruwa a Watari ko Tomas, ko yana dako a Dawanau, ko jiran shago, ko jan adaidaita sahun wani. A gefe guda kuma akwai 'yan uwa da Allah Ya buɗa wa, wani da injin niƙa, wani da gidan kaji, wani da shagon POS, wani kuma yana cikin kwamitin Islamiyyar unguwa da ke ɗaukar malamai. Saboda haka da wuya a sami mai karanta wannan shafi da bai kasance ɗayan biyu ba: ko mai ɗauka aiki, ko wanda ake ɗauka.

Babu shakka zamani ya zo da tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Har yanzu al'ummar Kano ba ta manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 ba, wadda aka sace a watan Disamba na 2021, daga baya ta bayyana cewa mai makarantar da take karatu ne ya sace ta ya kuma kashe ta, wal'iyazu billahi. A watan Janairun 2022 gwamnatin jiha ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su, a watan Yulin shekarar kuma Babbar Kotun Jiha ta yanke hukuncin kisa ga mutum biyu. Sannan a ƙarshen 2025 'yan bindiga suka riƙa tsallako iyakar Katsina suna afka wa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono, abin da ya sa manomi ya fara kallon baƙon ɗan ƙwadago da idon da bai saba kallonsa da shi ba.

To amma abin takaici shi ne, tsoron bai haifar da tsari ba, sai ya raba mutane gida biyu. Kashi na farko su ne masu sakaci, waɗanda da zarar sun ga gemu da ɗagaggen wando da sallama mai tsawo, shi ke nan sai su miƙa makullin sito, ko su danƙa wa mutum ajin yara mata ba tare da sun san ko daga wane gari ya fito ba. Kashi na biyu su ne masu wuce iyaka, waɗanda suka mayar da bincike leƙen asiri da cin zarafi. Dukkansu sun kauce wa tafarkin Shari'a.

Ga masu sakaci, ya isa a tuna musu ƙissar Annabi Musa (A.S.) a Madyana kamar yadda ta zo a Suratul Ƙasas. Lokacin da 'yar dattijon nan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, siffofi biyu ta kafa hujja da su, wato ƙarfi da amana, kuma ba daga bakinsa ta ji su ba, a aikace ta gan su a bakin rijiya. Haka nan an ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar (R.A.) zai tsaya wa wani shaida, sai Halifa ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Halifa ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Ganin mutum a sahun gaba a masallaci alheri ne, amma ba shi ne sanin sa ba. Ai ko ranar Hijira, wanda Manzon Allah (S.A.W.) da Sayyidina Abubakar (R.A.) suka ɗauka ya nuna musu hanya, wato Abdullahi bin Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa a lokacin, amma gwani ne a hanya kuma amintacce, sai suka danƙa masa raƙumansu da sirrinsu. Darasin a fili yake: ƙwarewa da amana ake nema, ba katin ƙungiya ba.

Yaya ke nan ake binciken da ya halatta? Na farko, a gaya wa mai neman aikin a fili cewa za a tambaya a kansa, a kuma nemi yardarsa. Na biyu, a san sunansa na gaskiya da garinsu, a ga katinsa na ɗan ƙasa mai lambar NIN, a ji ta bakin mai unguwarsu ko dagacinsu ko limaminsu, domin a wannan yanki da wuya a ambaci ƙauyen da ba za a sami wanda ya san wani a cikinsa ba ranar kasuwar Ɗambatta. Na uku, a tuntuɓi wanda ya yi wa aiki a baya, a ji yadda suka rabu, sannan a dawo a ji ta bakinsa shi ma, saboda ba kowane tsohon maigida ne mai gaskiya ba, kuma Suratul Hujurat ta yi umarni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. Na huɗu, nauyin bincike ya tafi daidai da nauyin amana. Wanda zai yi maimai na kwana ɗaya a gaban idon mai gona ba ya buƙatar abin da ake buƙata ga maigadin sito, ko mai riƙe kuɗin POS, balle malamin da za a bar shi da yara. Ga irin waɗannan, akwai takardar shaidar hali da rundunar 'yan sanda ke bayarwa, akwai kuma rajistar masu laifin fyaɗe da cin zarafi da aka ƙaddamar a 2019 a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. Kwamitin Islamiyyar da ya ɗauki malami bai ko tambayi makarantar da ya baro ba, ya sani cewa 'ya'yan mutane ya yi caca da su.

Wanda aka tambaya shi ma akwai nauyi a kansa. Malamai, irin su Imam Nawawi a Riyadus Salihin, sun bayyana cewa faɗin aibin mutum ga wanda ya zo neman shawara ba ya cikin gibar da aka haramta, matuƙar nasiha ce kuma an tsaya a kan abin da aka sani. Mutumin da ya san yaro ɓarawo ne amma ya rufe don kunya ya ci amanar mai tambaya. Wanda kuma ya ƙara gishiri don tsohuwar gaba ya toshe wa bawan Allah hanyar abinci. Kowannensu zai amsa.

Sai masu wuce iyaka. Surar nan ta Hujurat da ta yi umarni da tabbatarwa, ita ce dai ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Ƙwace wayar yaro a karanta saƙonninsa ba bincike ba ne. Zuwa wajen mai duba don a ga ko yaro zai yi sata ba bincike ba ne, halaka ce ga imanin mai zuwan. Tambayar ko kakansa bawa ne ko mahauci ko maroƙi jahiliyya ce tsagwaronta. Korar mutum don kawai Bafillace ne ko ɗan ci-rani daga Nijar zalunci ne, domin laifin wani ba ya hawa kan wani. Kuma wanda ya taɓa yin laifi ya sha hukuncinsa ya tuba, ba lallai a ba shi makullin sito ran farko ba, amma idan kowa ya rufe masa ƙofa, to al'umma ce da kanta ta mayar da shi inda ya fito.

Abin lura shi ne, ko dokar ƙasa ta san wannan iyaka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, sashe na 42 kuma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa mai karɓar bayanan mutum ya kasance da dalilin da doka ta yarda da shi, ya karɓi daidai buƙata, kada kuma ya yi amfani da su a wani abu daban. Saboda haka hoton katin yaron shago amana ne, ba abin yaɗawa a WhatsApp ba ne ranar da aka sami saɓani. Dokar 2014 ta hana a sanya gwajin ƙanjamau ya zama sharaɗin ɗaukar aiki, dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta hana nuna musu bambanci.

To a nan ne babbar tambayar take. An binciki yaro ciki da waje, an kawo mai tsaya masa, an karɓi hotonsa. Shi kuma maigida wa ya bincike shi? Laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Sau nawa aka ɗauki yaro da cewa "ka dai fara, za a riƙa ganinka", a shafe shekara biyar ba albashi tsayayye, ranar da ya nemi sallama kuma a ce kuɗi sun ɓata a shago? Sau nawa aka yi jingar noma, aka gama aiki, mai gona ya ce sai ya sayar da gyaɗa? Sau nawa malamin Islamiyya ya yi wata uku ba a ba shi ko sisi ba, idan ya yi magana a ce ai aikin Allah ne, alhali shi ma yana da iyali? Ɗalibin da ya karanta Risala ya san cewa sharaɗin ijara shi ne a ambaci wa'adi a kuma ambaci lada. Hadisi ya yi umarni da a biya ma'aikaci tun jikinsa bai huce daga aikin ba. Mafi tsanani, Bukhari ya ruwaito cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cif, ya hana shi ladansa. Wa ke da lauyan da zai tsaya masa a wannan zama?

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ke aiki har yau, ta zo da abubuwan da ya kamata kowane ɗan uwa ya haddace. Sashe na 7 ya ce kafin wata uku su cika da fara aiki, dole maigida ya ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da irin aikin, yawan albashi, lokacin biya, awannin aiki da yadda za a rabu. Ba a jinkirta albashi ya wuce wata guda. Akwai hutun yini ɗaya a kowane mako, da aƙalla kwana 6 na hutu da biya bayan shekara. Sashe na 11 ya tsara sanarwar rabuwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, wata guda ga wanda ya kai biyar ko ya wuce. Sashe na 5 ya hana maigida ya zama shi ne mai ƙara shi ne alƙali, ya yanke albashi da sunan asara, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Wannan bai yi nisa da fiƙihu ba, inda ma'aikacin da aka ɗauka amintacce ne, ba ya ramuwa sai in an tabbatar da sakaci ko ta'adi. Dokar ta kuma hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aiki, in ban da ɗan aiki mai sauƙi a wajen danginsa. Haka nan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, ko a kama shi don rikicin bashi da yarjejeniya kawai. Saboda haka kulle uban yaro ko mai tsaya masa a caji ofis don a tatsi kuɗi ba hakki ba ne, ƙarfa-ƙarfa ce.

Sai dai akwai inda dokar ta bar talaka a rana. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma shafi aikin jinga ko aikin gona na lokaci ba. Wato mafi yawan samarin Bichi da Ɗambatta suna wajen inuwarsa. Ɗan ƙwadagon da aka hana kuɗin yini ba zai iya zuwa Kotun Ma'aikata da ke cikin birni ba, kuɗin motar ma ya fi abin da yake bi. Ba shi da mai kare shi sai tsoron Allah na maigida da idon jama'a. Idan dokar da mutane suka rubuta ta gaza, wannan ba uzuri ba ne ga mai da'awar bin dokar Allah. Kuma inda ta yi daidai, babban abin kunya ne a sami mai kiran a tsayar da Shari'a ya kasa kai ko matsayinta.

Don haka wannan jarida tana kira ga 'yan uwa a kowace unguwa da kowane ƙauye da su fara da kansu. Kada a sake ɗaukar yaron shago ko malami ko direba sai an rubuta yarjejeniya da Hausa, boko ko ajami, a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. Aikin yini kuma a yanke lada da baki a gaban mutane kafin a ɗaga fartanya, a biya kafin faɗuwar rana. Mai neman aiki shi ma ya yi nasa binciken, ya tambayi yaran da suka riga shi yadda suka ƙare da maigidan, kuma kada maigida ya ga hakan raini ne. Limamai da masu unguwanni su riƙa sauraron kukan ma'aikaci kamar yadda suke sauraron na mai dukiya. Wanda kuma ya san akwai hakkin wani a wuyansa, ko na daminar bara ne, ya nemi mai shi ya biya tun kafin Juma'a mai zuwa, domin ba shi da tabbacin zai gan ta.

Allah Ya azurta al'umma da ma'aikata masu ƙarfi da amana, da iyayen gida masu tsoron ranar hisabi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.