Sharhi: Wa ke kula da ma'aikacin asibiti idan ya tsufa ko ciwo ya kwantar da shi?

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a asibitin gwamnati ya san irin mutanen da ake neman taimakonsu da tsakar dare: tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke gane jijiyar jariri ba tare da ta yi ta soka allura ba, ko ungozomar da ke hango nakuda mai hatsari tun kafin a kira likita. Wannan ƙwarewa shekaru ne ke kawo ta. Sai dai a Najeriya, lokacin da irin waɗannan ma'aikata suka fi amfani ga marasa lafiya, lokacin ne doka ke sallamar su, kuma da yawansu suna fita ne ba tare da abin da za su kula da lafiyar kansu ba.

A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya fara cika. Wasu rukunoni sun samu sassauci. Farfesoshin jami'a suna kaiwa shekara 70 tun bayan dokar 2012, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta ba su shekara 65 ko shekara 40 na aiki. Wannan ne ya sa ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN ta sanya batun cikin buƙatunta a yajin aikin gargaɗi na watan Nuwamban 2024. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar likitoci ta NMA ta sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗaga shekarun ritayar likitoci da sauran ma'aikatan lafiya zuwa 65.

Dalilin matakin a bayyane yake. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Idan matasa suna ficewa, tsofaffi kuma ana sallamar su, wa zai koyar da waɗanda suka rage? Majiyyaci ne ke ɗanɗana wannan giɓi, ta hanyar dogon layi da tiyatar da ake ta ɗagawa. Amma a lura: asibitocin jihohi da cibiyoyin lafiya na ƙananan hukumomi, inda yawancin talakawa ke zuwa, suna bin dokokin jihohinsu ne. Amincewar Abuja ba ta ɗaure su kai-tsaye sai kowace jiha ta yi nata gyaran.

Ƙara shekaru biyar kuma ba ya warware babbar matsalar, ɗage ranarta kawai yake yi. Inshorar lafiyar ma'aikaci galibi a ɗaure take da albashinsa. Da zarar sunansa ya fita daga takardar albashi, sai katinsa ya daina aiki, daidai shekarun da hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, shanyewar ɓarin jiki da ciwon daji suka fi kama mutum. Dokar hukumar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, kuma akwai tsarin GIFSHIP da ɗan fansho zai iya shiga, amma da kuɗin aljihunsa. Ga wanda ya shafe watanni yana jiran haƙƙinsa na ritaya, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Haka za ka ga matar da ta yi shekara talatin tana raba magani a ɗakin marasa lafiya, yau 'ya'yanta na karo-karo don a yi mata wankin ƙoda a asibitin da ta yi wa hidima.

Wasu cututtukan ma a bakin aiki ake ɗaukar su. Dakta Stella Adadevoh ta rasu a watan Agustan 2014 bayan ta kamu da Ebola daga majiyyacin da ta hana fita daga asibiti a Legas. A watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk da haka, kuɗin alawus na hatsarin aiki ya zauna a naira 5,000 a wata tsawon shekaru masu yawa kafin a ƙara shi a ƙarshen 2021. Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne masu shara, masu tura marasa lafiya da masu gadi. Yawancinsu 'yan kwangila ne ko na wucin-gadi, su ke taɓa jini da allurar da aka yi amfani da ita, amma idan ciwo ya kwantar da su sau da yawa sai dai a maye gurbinsu.

Doka ba ta yi shiru ba, kuma ya kamata iyalai su san abin da ta tanada. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai riƙa zuba kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kuma aƙalla kashi 10, a asusun fanshonsa. Wanda likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba yana da damar fara cin gajiyar asusun ko bai kai shekara 50 ba. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, wadda magada ke karɓa idan ma'aikaci ya rasu yana kan aiki. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga rauni ko cutar da aka samu dalilin aiki. Dokar 2014 mai hana wariya ga masu ƙanjamau ta haramta korar mutum saboda yana ɗauke da cutar. Idan aka take haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara.

Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa, kuma a nan takardu ke da muhimmanci. Idan a gidanku akwai ma'aikacin asibiti da ritayarsa ta kusa, ko ciwo ya fara hana shi aiki, a duba bayanin asusun fanshonsa a tabbatar ana zuba kuɗin kowane wata. A sabunta sunan magajin da ke cikin fayil ɗinsa. Duk wani hatsari a wurin aiki, ko da sukar allura ce, a kai rahoto a rubuce a ranar, a ajiye kwafi. Kada mara lafiya ya sa hannu a takardar ajiye aiki don an matsa masa kafin kwamitin likitoci ya duba shi, domin ajiye aiki da ritaya bisa dalilin lafiya ba haƙƙi ɗaya suke bayarwa ba. A kuma shirya inshorar da za ta maye gurbin ta wurin aiki tun ana saura watanni.

Su ma hukumomin asibitoci akwai abin da za su iya yi ba sai sun jira sabuwar doka ba. Ma'aikaciyar jinya mai ciwon baya ko mai karɓar maganin daji ana iya cire ta daga aikin dare a mayar da ita koyar da sababbi ko wayar da kan marasa lafiya. Matasan da ke aiki tare da ita suna kallon yadda ake yi mata, kuma abin da suka gani yana cikin abin da suke aunawa idan sun zo yanke shawarar zama ko tafiya waje.