A Daina Karatun Aku a Ajin Lissafi

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani karatu da ake biya wa yara a makarantunmu tun daga Dutsin-Ma har Kurfi, wai "mainos sau mainos, fulos ke nan". Malam ya faɗa, aji ya amsa. Amma fa ka tare yaron ka tambaye shi dalili, sai ya hau susar ƙeya. Da an yi magana kuwa a ce ai Hausa ce ba ta iya ɗaukar lissafi. Mu dai ba mu yarda ba.

To, mu leƙa kasuwar Kurfi. Ga ɗan tireda, mutum uku na bin sa bashin ₦500 kowanne. Bashi uku ke nan a wuyansa: 3 × (−500) = −1,500. Ran nan sai duk su ukun suka yafe masa. An ɗebe bashi uku, watau (−3) × (−500), arzikinsa ya ƙaru da 1,500, alhali ko kwabo ba a danƙa masa ba. Wace tsohuwa mai sayar da daddawa ce wannan zai shige wa duhu? Ai shi kansa Brahmagupta na Indiya, da ya rubuta ƙa'idojin nan a shekarar 628, da "dukiya" da "bashi" ya kira lambobin. Harshen kasuwarsu ya ɗauko bai ji kunya ba, sai mu, jikokin Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741!

A watan Nuwamba na 2025 gwamnatin tarayya ta soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wai yara na faɗuwa jarrabawa. Ba mu raina Turanci ba, da shi za a rubuta jarrabawar. Amma yaron da ya haddace bai gane ba, da zarar ya ci karo da −3 − 5 sai ya rubuta +8, don ya ga alamar ɗebewa biyu. Laifin Hausa ne wannan?

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma masu fita gwajin koyarwa: kafin ku rubuta ƙa'idar a allo, ku fara kawo wa yara ɗan tiredan nan da masu bin sa bashi, ku bar su su ƙirga da kansu.