Ba Kowace Baƙar Tawada Ce Abincin Alƙalaminka Ba



Akwai wata magana da ke yawo a bakin matasan marubuta daga Ƙaura Namoda zuwa Zurmi har Shinkafi, wai "tawada ai tawada ce, muddin baƙa ce". Mu dai ba mu yarda ba, domin wannan magana tana kashe alƙaluman da aka yi tari kafin a saya.

Mun san dalilin da ya sa ake komawa ga takarda. Duk wanda ya ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, ya san littafin rubutu ba ya jiran sabis ko caji. Mun kuma san marubuci yana son rubutun da ba zai koɗe ba. To sai wani ya sayi alƙalami mai shan tawada, ya ji an ce tawadar Indiya ba ta goguwa, ya ɗura masa. Kwana kaɗan alƙalami ya toshe, ya ce kayan zamani ne ba su da ƙarko. A'a, malam, kai ka shaƙe shi.

Tawadar Indiya, wadda asalinta ma daga ƙasar Sin ne, garin baƙin hayaƙi ne da aka dama da ruwa, galibi kuma ana sa mata shalak, wani irin danƙo da ƙwaro ke fitarwa. Shi ke hana ruwa wanke ta in ta bushe. Shi kuwa alƙalami mai shan tawada, ta wasu 'yan siraran hanyoyi kamar silin gashi yake tura tawada zuwa baki. Shalak ya bushe a ciki, ruwa ba zai narka shi ba, sifirit ɗin da ke narka shi kuma yana iya lalata jikin alƙalamin. A hunturun nan namu, bushewar ba ta ɗaukar lokaci.

Wasu za su ce, to a zuba tawadar allo mana, ai tamu ce. Tamu ce, kuma muna alfahari da ita. Amma gawayi ne da ƙaro, garinta yana kwantawa, tana kuma yin kauri. An yi ta ne don alƙalamin kara, wanda ake tsomawa a kurtu, in bakinsa ya lalace a fiƙe shi da wuƙa. Gardin da ke rubuta allo bai taɓa cakuɗa kayan aikinsa ba. Ashe mu masu kiran kanmu marubuta ne za mu kasa?

Ga abin da muke cewa. In alƙalami mai shan tawada gare ka, ba shi tasa, irin su Parker Quink ko Pelikan 4001, waɗanda rini ne narkakke. In mai jure ruwa kake so, akwai Platinum Carbon Black, wadda aka niƙa garinta lukui don irin wannan alƙalami, amma kada ka bar ta ta bushe a ciki, ka riƙa wanke shi da ruwa akai-akai. In kuwa tawadar Indiya ka nace, nemi alƙalamin tsomawa, ka goge bakinsa da zarar ka gama. Wanda ya riga ya ɗura, ya zubar yau, ya yi ta ɗauraya kafin ta bushe. In duk wannan ya fi ƙarfin aljihu, biro bai hana kowa rubuta littafi ba.

Kowane allazi da nasa amanu. Wanda bai tsaya ya karanta abin da ke jikin kwalba ba, yaya zai tsaya ya tace kalmomin labarinsa?

Allah Ya ƙara basira. Sai mako mai zuwa.