Bayan Abin Da Ya Faɗo A Jabo, Ina Muka Dosa?

Jama'a, ku zo mu gaya wa juna gaskiya. A daren 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Gwamnatin tarayya ta ce da saninta aka yi, kuma ƴan ta'addan dajin Tangaza aka nufa. Amma ɓaraguzan makamin a Jabo suka faɗo, nan cikin Tambuwal, maƙwabtanmu. Tun ranar nake tambayar kaina: yaya aka yi har tsaronmu ya koma hannun baƙo?

Amsar tana kan iyakarmu da Nijar. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum. ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke musu wutar lantarki. Nijar ta kori sojojin Faransa, Amurka ta kwashe nata daga Agadas a 2024, Rasha ta shigo. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, a Maris kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi.

To, sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. A cikin wannan rashin jituwa ne Lakurawa suka ƙara ƙarfi a Gudu da Tangaza, har suka kashe mutane a Mera ta Jihar Kebbi a Nuwamba 2024. Idan an matsa musu nan, su tsallaka can, don sun san sojojinmu ba za su bi su ba.

Wani zai ce ai Kebbe ba ta kan iyaka. Haka ne. Amma bindigar da ake kore shanunmu da ita ta iyaka take shigowa, ta bi daji har ta iso tsakaninmu da Zamfara.

Na san cikinmu akwai masu son Rasha, akwai masu murna da zuwan Amurka. Ni dai ban ga dalilin faɗa a kansu ba. Sojojin Faransa sun yi shekara 9 a Mali, ba su gama da ta'addanci ba. Ƴan Rasha sun gaje su, har yau ana kashe mutane. Kowa maslaharsa ta kawo shi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Mu karɓi kayan aiki da bayanan sirri daga duk mai bayarwa, amma sintirin iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500 sai mu da Nijar.

Kuma hanyar a buɗe take. A Agusta 2024 Janar Christopher Musa ya je Yamai, aka sa hannu kan takardar fahimtar juna ta tsaro. Abin da ya rage shi ne aiki: sintirin haɗin gwiwa daga Illela da Ƙonni zuwa Gudu, izinin bin ɓarayi idan sun tsallaka, da shigar da sarakunan ɓangarorin biyu, tunda dangin juna ne.

Matasanmu, duk mai neman kujerar Kebbe da Tambuwal ko ta sanata, ko na gidanmu ne, mu tambaye shi me zai yi kan wannan. Kar mu tsaya ga shinkafa da atamfa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.