Hannun hagu ma yana son sabuni

Tun muna yara aka hore mu: dama ta cin abinci, hagu ta tsarki. Bakurfaye da Bazabarme, Buzu da Bafillace, daga Damana har Filinge, duk bakinmu ɗaya a kan wannan. Turawa kuwa da takarda suke sharewa, kuma suna miƙa kaya da kowane hannu. Mu muna ganin ƙazanta ce, su ma suna mamakin butarmu. A ganinmu ruwa ya fi takarda tsabtacewa. Amma akwai gyara.

Hannun hagu ba ya zaman banza. Shi ke kama igiyar guga, shi ke riƙe ƙwarya wajen damun fura, shi ke tallabe jariri wajen shan nono. Ƙwayoyin zawo da na kwalara ido ba ya ganin su, kuma ruwa zalla ba ya fid da su duka. A shekarar 2012 kwalara ta kashe mutane a jihar Tilaberi.

Ga kuma kwanon nan guda da muke tsoma hannuwa kafin cin tuwo. Babba ya fara, yaro ya ƙare. Ladabi ne, gaskiya, amma yaron da dauɗar kowa yake kai loma baki.

Bayan tsarki mu cuɗa hannu biyu da sabuni. In babu, tokar murhu ta yi. Wajen cin abinci a zuba wa kowa ruwa da buta, a sa tasa ta tare. Babba ya fara, kamar kullum.