Sunanka Bai Fito A Jerin Farko Ba? Kada Ka Naɗe Hannu



Idan aka tambayi ajinmu wa ke son zama likita, hannaye da yawa ke tashi. Amma mu da muke da yayye a gida mun ga cewa cin jarrabawar JAMB somin taɓi ne. Bayanta akwai tantancewar jami'a, bayan tantancewa kuma akwai jira. Ra'ayinmu shi ne wasu yaran Dutsin-Ma da Kurfi a wurin jiran nan suke asarar gurbinsu, alhali makinsu ya kai.

Me ya sa ake jira? Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci da za ta ɗauka. Saboda haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, duk ba su da ikon ɗaukar kowa da kowa. Sunaye kuma kashi-kashi suke fitowa. Wani na jerin farko ba zai karɓa ba, wani za a samu matsala a takardunsa, sai gurbi ya buɗe wa na baya. To, idan na bayan ya riga ya fid da rai ya daina dubawa fa?

Tun shekarar 2017 JAMB take ba da gurbi ta shafinta na intanet mai suna CAPS. A nan ɗalibi zai ga an ɗauke shi, kuma shi da kansa zai latsa ya karɓa kafin wa'adi ya wuce. Don haka muna roƙon yayyenmu abu uku. Na ɗaya, su riƙa duba shafin kowane mako, kada su bar wa mai shagon kwamfuta lambar sirrinsu su tafi gida su kwanta. Zuwa da kai ya fi aike. Na biyu, su tabbata sakamakonsu na WAEC ko NECO ya hau shafin, da kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, domin ba a ɗaukar wanda nasa bai hau ba. Na uku, su adana layin wayar da suka yi rajista da shi. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Ɗan wannan yanki dole ya san inda zai je ya duba idan sabis ya ɗauke.

Wasu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, wai likitanci sai mai hanya. Ba mu yarda ba. Wannan maganar ce take tura iyayenmu hannun 'yan damfara, a sayar da akuya ko buhun gero a ba wanda ya ce yana da mutum a ciki. JAMB ta sha faɗa cewa duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ba ta san da shi ba. Bibiyar da ta dace ita ce ka je ofishin ɗaukar ɗalibai da takardunka, ka gaisa cikin ladabi, ka yi tambaya ɗaya: akwai abin da ya rage ban cika ba? Kiran ma'aikaci a waya safe da yamma ba ya ƙara wa kowa maki.

Idan kuma jami'a ta ce za ta mayar da kai wani fanni, kada ka latsa cikin fushi. Ka shawarci iyaye da malamai, domin sakamakon JAMB shekara ɗaya kawai yake aiki. Akwai aikin jinya, da haɗa magunguna, da gwaje-gwajen asibiti. Ga makarantar ungozoma a Malumfashi, ga ta kiwon lafiya a Kankiya. Asibitocinmu na buƙatar su duka, musamman mata, don iyayenmu mata sun fi sakin jiki da 'yan'uwansu mata.

A ƙarshe muna roƙon Shugaban Makaranta ya ware rana ɗaya a mako da tsofaffin ɗalibai za su zo malamin ba da shawara ya taya su duba shafinsu. Mu kuma 'yan ƙungiyar jarida za mu riƙa liƙa duk sanarwar da malamai suka tabbatar a wannan allo. Kowa ya karanta ya kai labari gida.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida