Ƙarin mai ba juye ba ne

A tashoshin mota na Sabon Birni da Isa akwai wata ɗabi'a da ake yi wa laƙabi da tattali, alhali ganganci ce. Direba zai zaro ma'aunin baƙin mai, ya ga ya ja baya, ya sayi kwalba ɗaya a bakin titi ya tuttula, ya kama lodi. Watanni su shuɗe babu juye, babu sabuwar filta.

Hujjarsu tsada, kuma ba ƙarya suke yi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, galan na mai nagari ya fi ƙarfin mutane da yawa. Sai dai inji bai san uzuri ba. Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya kwashe zafi, ya tattaro datti ya kai wa filta. Ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a ƙasar Gobir, suna saurin kashe shi. Idan filta ta toshe, man kan bi ta wata ƙofar gefe ya koma cikin inji da dattinsa. Sabon man da aka zuba a kan tsoho ba ya wanke komai, gurɓacewa yake yi.

Mafi muni shi ne bakaniken da ake kai wa mota saboda jar fitilar nan mai siffar buta ta kama, sai ya tsinke wayarta. Fitilar tana shaida cewa matsin mai ya faɗi ne, kuma injin da ke gudu a haka mintuna kaɗan sun ishe shi ya buga.

A wani wurin wannan asarar kuɗi ce kawai. A hanyar Burkusuma kuwa, ko tsakanin Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021, motar da ta mutu a daji ta jefa rayuka cikin hatsari, kuma fasinja bai san abin da ke cikin injin da ya biya kuɗi ya hau ba.

Shugabannin ƙungiyar direbobi suna karɓar kuɗin lodi kullum. Wajibi ne su riƙa duba mai da fitilar kowace mota kafin ta ɗauki mutum, su hana layi ga wadda ta gaza.